Kunkurunmu ta yi ƙwai a gindin katanga, yaya zan yi?

Ɗan Talaje:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar wanda ya san kiwon kunkuru. Muna da guda biyu a gida nan Yamai, irin manyan nan na daji masu ƙaya a cinya. Marigayi babanmu ne ya kawo su tun ina ƙaramin ɗan lakwal. Ranar Laraba bayan la'asar na tarar da macen a gindin lemun tsami, ta ba katanga baya tana tono da ƙafafun baya, tana yaɓo ƙasa kaɗan-kaɗan. Na shimfiɗa tabarma na zauna har aka kira magariba. Ƙwai 18 na ƙirga, farare fes, kewayayyu. Ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe da ƙirjinta, ta yi tafiyarta.

Washegari da safe yara suka tono uku suna mirgina su a tsakar gida. Na mayar, amma hankalina bai kwanta ba. In bar su a ƙasa ne ko in kwashe? Kuma wani maƙwabcinmu har ya fara zancen zai sayi ƴaƴan. Ni dai abin baba ne, ba na so ya lalace a hannuna.

Tsoho mai lambu, Tawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka bar su inda uwar ta sa su, ta fi ka sanin wuri. Ƙwan kunkuru ba na kaza ba ne, ba a juya shi. Bayan ƴan kwanaki ɗan yana manne wa saman ɓawo daga ciki, in aka kifa shi sai ya mutu. Ukun da yara suka taɓa, tunda kwana ɗaya ne kacal, kada ka fid da rai.

Samo ragar ƙarfe ka kife bisa ramin, ka danne gefe da duwatsu, saboda kare da gafiya da yaran kansu. Ka daina ba lemun ruwa ta wannan ɓangaren, laima tana ruɓar da ƙwai. Sai haƙuri. Masu sa shi a na'urar ƙyanƙyasa suna samun ƴaƴa cikin wata uku zuwa huɗu, amma a ƙasa yakan kai wata takwas, sai ruwan fari ya tausasa ƙasa su fito. Nawa na farko har na manta da su, wata safiya bayan ruwa na ga abubuwa suna rarrafe a gindin randa, kowane bai cika tafin hannun yaro ba.

In sun fito, nan aikin yake. Hankaka yana ɗauke su, tururuwa na cinye su. Sa su a akwati mai rairayi da inuwa, kowace safiya ka tsoma su a ruwa mara zurfi, iya haɓa. Abincinsu ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, da ɗan dakakken ɓawon ƙwai a kai. Kada a ba su sauran tuwo ko shinkafa, ballantana nama. Na ga wanda aka yi wa haka, bayansa ya tashi tudu-tudu, ƙafafunsa ba ƙarfi. Abin tausayi wallahi.

Ƴar Gandun Daji:
Baba ya gama magana kan ƙwai. Ni kan maƙwabcin zan ce wani abu, yayana. Wannan kunkurun namu na Sahel shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra, kuma yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Kamu daga daji da yawan kiwo a makiyaya sun rage shi ƙwarai, sai wurare irin su dajin Termit da ke gabashin Nijar ake ganinsa. Yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa waje don ciniki tun 2000. Shi ya sa dillalai suke son ƴaƴan gida, su fake da su. Kafin ka ba kowa, je wurin ma'aikatan gandun daji su san da zamansu.

Kuma kada tausayi ya sa ka kai su daji ka saki, na gida yana iya kai wa na daji cuta. A Senegal akwai gidan kiwonsu a Noflaye kusa da Dakar, sai an duba lafiyarsu an saba musu da daji kafin a sake su a yankin Ferlo.

Maman ƴan biyu:
Ka yi tunanin fili tun yanzu. Namijinmu ya wuce kilo 40, ya haƙa rami ƙarƙashin bangon madafa har ya tsage. Maza biyu kuma ba sa zama wuri ɗaya, sai ɗaya ya kifar da ɗaya a rana.

Ɗan Talaje:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, yau na je kasuwar Katako na sayo ragar, na kife, na tara yaran na nuna musu. Ƙaramar ta ce ita za ta riƙa gadi. Ƙanwata, ranar Litinin in sha Allah zan je wurin ƴan gandun daji. Maƙwabcin kuwa na ce masa ya dakata tukuna.