Ina da kayan nutso, in fara koya wa matasa a pisin?

Mai koyar da iyo, Yamai: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina koyar da iyo a pisin, wato wurin ninkaya, na wani otel. Lokacin da nake Dakar na yi horon nutso da tukunyar iska, na samu takardar matakin farko ta CMAS, ƙungiyar nutso ta duniya. Yanzu wani Bature da zai koma gida ya sayar min da kayansa, tukunya biyu da abin shaƙa da tabarau. Matasa sun dame ni in koya musu. Niyyata mu fara a pisin, in hannunsu ya faɗa mu gangara kogin Isa wajen gadar Kennedy. Me za ku ce?

Tsohon ɗan kwana-kwana: Wa alaikumus salam. Ƙanena, takardarka izini ce ka nutsa kai kanka zuwa mita 20 tare da wanda ya fi ka sani. Ba ta ba ka izinin koyarwa ba, kuma tsakaninka da malanta akwai matakai.

Kada pisin ya ruɗe ka don ba shi da zurfi. Kowace mita 10 a ƙarƙashin ruwa tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu. Iskar da mutum ya shaƙa daga tukunya a mita 10, in ya riƙe ta ya taso, ninkawa take biyu a huhu. Kumburin nan ya fi sauri kusa da saman ruwa, shi ya sa ko a mita 2 huhu na iya yagewa, iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. To wa za ka koya wa? Yaran bakin kogi da tun suna ƙanana suka saba cika ƙirji su toshe numfashi. Gwanayen iyon nan su na fi ji wa tsoro. Ruwa ya shiga tabarau, yaro ya firgita, sai jiki ya koma ga abin da ya saba: ya riƙe numfashi ya yi sama da gudu. Malami na gaskiya aikinsa ke nan, ya gane firgici a idon ɗalibi kafin ya zabura, ya riƙe shi. Wannan aka koya maka a Dakar?

Malamar asibiti: Baba ya gama magana. Nawa ƙari ne: kafin kowa ya goya tukunya sai likita ya duba shi. Mai sikila, mai farfaɗiya, mai asma ko ciwon zuciya, ba a yi musu gangancin nan. Sikila kuwa ka san yawanta a ƙasarmu. Mai mura ma ya haƙura ranar, don kunnensa ba zai daidaita da matsin ruwa ba.

Ɗan Gamkalle: Kogi kuma? Malam, da damina ruwan nan ja wur yake, ko tafin hannunka ba ka gani, balle alamar ɗalibi. Ga ƙarfin ruwa, ga tarun masunta, ga dorina, ga tsargiya. Cire wannan daga lissafi.

Makaniki: Ni tambayata ina za ka cika tukunyar? Iska ce zalla ake matsawa har bar 200, wato kusan sau 200 na matsin iskar da ke kanmu, ba oksijin na asibiti ko na masu walda ba, kuma ba da injin bayar da iskar taya ba. In injin cikawa ya zuƙi hayaƙin janareto, guba ce marar wari za su shaƙa. Duba wuyan tukunyar, akwai ranar gwajinta na ƙarshe a buge. Cikinta ma ana leƙawa duk shekara saboda tsatsa.

Mai koyar da iyo, Yamai: Na gode. Baba, to matasan fa, in sallame su haka nan?

Tsohon ɗan kwana-kwana: A'a, akwai aiki gabanka. Ajiye tukunyar a ɗaki. Ka sa su iya iyon mita 200 ba tsayawa, da zama kan ruwa minti 10, gwajin da PADI, wata ƙungiyar horar da masu nutso, ke yi wa sabon ɗalibi ke nan. Koya musu tabarau da bututun numfashi, da fitar da ruwa daga tabarau ta hanci, da alamun hannu, da cewa ba a shiga ruwa sai bibbiyu. Wanda ya ƙware kuma yake da hali, tura shi Dakar wurin malami mai takarda. Kai ma ka koma ka ƙaro naka matakan.