Wa ya taɓa sauraron Eva Mozes Kor?

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina shirya darasi kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, kuma ina son jin ta bakin wanda ya taɓa sauraron Eva Mozes Kor, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira daga kisan, kafin rasuwarta a 2019.

Ɗalibi a Indiana:
Wa'alaikumus salam, Malama. Na saurare ta a gidan tarihi na CANDLES da ta kafa a birnin Terre Haute da ke jihar Indiana ta Amurka a 1995. Ta ba mu labarin yadda aka kai ta Auschwitz, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi, a 1944 tana 'yar shekara goma, inda likita Josef Mengele ya yi gwaje-gwaje a jikinta da na 'yar'uwar tagwaicinta Miriam, bayan an raba su da iyayensu da yayyensu biyu, waɗanda ba su sake gani ba. Natsuwarta ce ta fi taɓa zuciyata.

Baba Mai Karatu:
Malama, ki gaya wa ɗalibanki cewa ta bayyana yafiyarta ga 'yan Nazi a 1995, kuma wasu da suka tsira sun ƙi amincewa da hakan. A ganina, ya kamata ɗalibai su ji hujjar ɓangarorin biyu.