Keke mai caji da jirgin rimot: mu tsayar da sunayen nan biyu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara da rubutu. Kalmomi biyu na Turanci na kawo mana yau: e-bike, wato keke mai batir da ɗan inji, da drone, wato na'urar da take tashi sama ba mutum a cikinta. Wasu 'yan'uwa a cikinmu sun riga sun kawo shawarar sunayen da za a ba su da Hausa da kuma tambayoyi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Mun saba cin karo da su a labarai, kowa yana rubuta abin da ya zo bakinsa, amma inda na ga sunayen da muke ba su sun gaza shi ne a rigimar da maharban Amurka suke yi a kansu. A can, laifin mutum ko rashin laifinsa yakan rataya ne a kan sunan da hukuma ta ba abin da ya hau ko ya tayar sama. Bari in fara shimfiɗa rigimar, don mu san kayan da muke son sunan ya ɗauka.

A yammacin Amurka akwai dazuka da tsaunuka mallakar gwamnatin tarayya, waɗanda mai lasisi yake da damar shiga mafi yawansu ya yi farauta idan lokacinta ya zo. Hukumar kula da filaye da ake kira BLM kaɗai tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, wato abin da ya fi faɗin Najeriya gaba ɗaya. Hukumar Gandun Daji ta ƙasar kuma tana da wasu eka miliyan 193. A jihohi irin su Kolorado, Montana da Idaho, babban abin da ake shiga nema shi ne elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai ƙaho reshe-reshe, wadda namijinta yakan haura kilo 300. Dabba ce mai gudun hanyar mota. Shi ya sa hukuma take garƙame tsofaffin hanyoyin masu yankan katako da ƙofar ƙarfe, ta kafa allo cewa abin hawa mai inji iyakarsa nan. Bayan ƙofar sai mai ƙafa, sai mai doki, a wurare da yawa har da mai keke. Maharbi yakan tashi tun kafin asuba da fitila a goshi, ya yi awanni yana hawan tudu. In Allah ya ba shi sa'a ya kayar da dabba, a nan inda ta faɗi zai feɗe ta, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya yi ta sawu yana goya naman a baya har ya kwashe. Wahalar nan ce take rage yawan masu kutsawa ƙungurmin daji, ita ce ta bar wa dabbobin wurin fakewa.

Sai ga keke mai faffaɗar taya, da batir a jikinsa, da ɗan inji a wajen feda ko a cibiyar taya, wani har da ƙaramin amalanke a baya na ɗauko nama. Ba hayaƙi, ba ƙara. Tafiyar da mai ƙafa zai kai hantsi yana yi, shi ya cinye ta kafin gari ya waye. To wannan keke ne da zai ratsa ta gefen ƙofa, ko babur ne da zai tsaya?

Su kansu hukumomin bakinsu bai zo ɗaya ba. A watan Agusta na 2019 sakataren harkokin cikin gida na lokacin, David Bernhardt, ya ba da umarni mai lamba 3376 cewa hukumomin da ke ƙarƙashinsa, ciki har da BLM, su buɗe wa irin waɗannan kekuna hanyoyin da keken gargajiya yake bi. Da BLM ta fitar da ƙa'idarta a 2020, sai ta bar wa shugabannin yankuna su yanke hukunci hanya-hanya. Ita kuwa Hukumar Gandun Daji, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar noma, ta tsaya a kan cewa abin hawa mai inji ne, ta kuma sake jaddada haka a 2022. A yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa, ko keken gargajiya ba ya shiga, balle wannan. An kuma kasa kekunan gida uku, dukkansu injinsu bai wuce wat 750 ba. Na farko sai kana taka feda injin yake tallafa maka, ya daina idan ka kai gudun kilomita 32 a awa. Na biyu yana da totur, yana tafiya ko ba ka taka ba. Na uku irin na farko ne, sai dai tallafinsa yana kaiwa kilomita 45.

Yanzu ga sunayen da aka kawo. Malam da ya ce mu kira shi babur ɗin lantarki, Allah ya ƙara sani, amma da wannan sunan mun yanke hukuncin shari'ar da masu ita ba su gama ba. Dattijon da gwiwa ta hana shi hawan tudu, wanda yake cewa keken nan ne ya mayar da shi dajin da ya yi ƙuruciya a ciki, hujjarsa ita ce yana taka feda da ƙafarsa. In muka rubuta babur, mai karatu ba zai ma gane me ake jayayya a kai ba. Ga shi kuma baburan lantarki na gaske sun shigo kasuwanninmu, suna bukatar sunansu.

Keken lantarki shi ne ya fi yawa a jaridu, kuma ba kuskure ba ne. Ni dai ina zaɓen keke mai caji, don shi ne bakin mutane ya riga ya gyara wa wuri. Muna da fitila mai caji da fanka mai caji, ba wanda ya taɓa tambayar me ake nufi. Lantarki a kunnen Bahaushe waya ce da turke, abin da ake kawowa a ɗauke. Caji kuwa abu ne da kake ɗurawa ka tafi da shi, yana kuma ƙarewa, wanda shi ne ainihin halin keken nan a daji: sanyi da hawan tudu suna shanye batir, in ya mutu an bar ka da ƙarfe mai nauyi kana turawa. Idan ana bukatar bambance aji, sai mu ce mai tallafin feda ko mai totur. Duk wanda ya taɓa riƙe kan mashin ya san totur, ba sai an yi masa bayani ba.

Wata Hajiya a cikinmu ta yi tambaya mai kyau, cewa keke a wurare da yawa yana nufin adaidaita sahu, kuma su ma akwai masu caji yanzu. Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Amma keke ya daɗe yana ɗauke da keken ɗinki da keken guragu ba tare da an rikice ba. Inda ake tsoron ruɗani sai a ce keken hawa mai caji a ambato na farko, daga nan a ci gaba da gajeren.

Drone ce ta fi ba ni aiki, kuma a kanta nake roƙon a saurare ni da kyau.

Sunan jirgi mara matuƙi ya zauna daram a kafafen labarai, ba kuma da niyyar tumɓuke shi na zo ba. A labarin yaƙi ya shigo mana, irin manyan jiragen da sojojin Amurka suka riƙa tayarwa daga sansaninsu na Agadas kafin su bar Nijar a 2024. Ya dace da su, ya kuma dace da jiragen kamfanin Zipline da suka fara kai magani asibitocin jihar Kaduna a 2022, tunda su kwamfuta ce take jan su a kan hanyar da aka tsara. Amma abin da maharbi yake zarowa daga jakar goyonsa, ya buɗe masa hannuwa huɗu, ya ajiye a kan dutse, ya tayar da shi da manyan yatsunsa biyu yana kallon allon waya, wannan yana da matuƙi. Ga shi nan tsaye a gindin tudu. Duk dokokin da aka kafa a kan wannan mutumin aka kafa su. In muka rubuta cewa jirgi mara matuƙi ya gano garken elk, mun fitar da mai laifin daga cikin jimla, mun bar na'ura tana yawo ita kaɗai kamar ba wanda ya aike ta.

Asalin dokar ya girmi na'urar. Tun 1971 dokar tarayya ta haramta harbin dabba ko firgita ta daga jirgin sama. A Alaska, inda ƙananan jirage suke kai maharba daji, wanda ya yi shawagi yau ba zai harbi mafi yawan manyan namun daji ba sai bayan ƙarfe uku na daren da zai wayi gobe, don a ba dabbar da ya hango daga sama lokacin sauya wuri. Da ƙananan na'urorin nan masu kyamara suka yi araha, sai Kolorado, Montana da Alaska suka hana amfani da su wajen farauta a 2014, a shekarar da hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasa ita ma ta hana tayar da su a filayenta. Mishigan ta bi sahu a 2015. Abin lura, maharba ne da kansu suka matsa aka yi haka, cikinsu har da ƙungiyar Backcountry Hunters and Anglers. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa da abokansa a 1887, ba ta shigar da dabbar da aka samu da taimakon na'urar cikin kundin bajintarta. Dalilinsu shi ne dole a bar wa dabba damar tsira da hancinta da kunnenta da sanin dajinta. Ni ma a nan na tsaya. Wanda ya leƙa kwari uku daga sama cikin mintuna kaɗan, ya san inda garke yake kwance kafin ya ɗaga ƙafa, ya tsallake dukkan ilmin da ya sa ake kiran mutum maharbi: karanta sawu, duba kashi, sanin inda iska take kaɗawa. Maharbanmu na gida za su gane wannan magana ba tare da tafinta ba.

Ƙanena da ya ce mu kira na'urar shirwa, sunan ya yi daɗi a baki, kuma na ga abin da ka hango, shawagi da kallon ƙasa. Sai dai shirwa tsuntsuwa ce da take cikin daji da gaske. A rubutun da yake magana a kan namun daji, in aka ce shirwa ta firgita garke, dole mai karatu ya tsaya yana tambaya wacce. Jirgin leƙe da wani ɗan'uwa ya kawo ya fi kusa, ya kama aikin maharbi daidai, amma ya bar mai ɗaukar hoton biki da mai feshin gona a waje. Diron kuma, yadda masu ɗaukar bidiyo suke faɗa, aro ne da zai iya zama, ba ni da faɗa da aro. Matsalarsa ita ce bai gaya wa wanda bai taɓa ganin abin ba komai.

Shawarata ita ce jirgin rimot, jam'i jiragen rimot. Yaro ma ya san mota mai rimot, ya san akwai hannun da yake juya ta. Sunan gajere ne, yana shiga kanun labari, ya nuna ƙanƙantar abin, ya kuma bar mutum a cikin magana. Ku gwada: an ci tarar wani maharbi saboda leƙen daji da jirgin rimot. Ko kuma: an hana tayar da jirgin rimot a lokacin farauta. Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Na san wasu daga cikinsu ana iya zana musu hanya su bi da kansu, su komo idan batir ya yi ƙasa, amma ko a nan rimot ɗin yana hannun mai shi, kuma shi hukuma za ta tambaya.

Akwai reshen rigimar da bai mutu ba har yanzu, kuma zai bukaci kalma ta uku. Maharbi ya harbi barewa da magariba, ba ta faɗi nan take ba, ta shige duhuwa. Ya bi ɗigon jini da tocila, ɗigon ya ɓace a bakin rafi. In ya haƙura, dabbar ta mutu a banza, naman ya lalace ko namun dare su cinye. Yanzu akwai masu sana'ar zuwa da jirgin rimot mai kyamarar da take ganin ɗumin jiki. A allo daji yakan fito toka-toka, jikin dabba kuma ya haska fari. Wasu jihohi sun yarda da wannan don ɗauko abin da aka riga aka harba, wasu sun ƙi, kuma ƙin nasu yana da dalili: kyamarar da ta nuna maka gawar ita ce za ta nuna maka babban namijin da yake kwance lafiya a can gefe, wanda za ka dawo wa gobe. A nan zuciyata ta fi karkata ga a bari a ɗauko naman, da sharaɗin ba makami a hannun kowa lokacin da jirgin yake sama. Kyamarar kuwa, kyamarar ɗumi nake ganin ya isa. Kyamarar zafi za ta sa a zaci ta auna zazzaɓi ce, kyamarar dare kuma wata na'ura ce daban, mai ƙara hasken da yake akwai.

Yaya daga Maraɗi ya tuna mana cewa a wajensu bakin mutane ya fi sabawa da kalmar Faransanci, telekomand, ba rimot ba. Wannan gyara ne mai nauyi, don suna ba ya tsayuwa in rabin masu harshen suna jin sa baƙo. Jirgin telekomand ya yi tsawo, ba zai rayu a baki ba. Abin da nake gani shi ne mai rubuta wa masu karatu na Nijar ya ce jirgin rimot, wato ƙaramin jirgin da ake juyawa daga ƙasa, sau ɗaya a farkon rubutu, sannan ya ci gaba da gajeren. 'Yan'uwa na Damagaram da Tawa da Maraɗi, ku gwada shi a kunnen masu gyaran waya da masu ɗaukar bidiyo na unguwanninku, ku kawo mana abin da suka ce, da keke mai caji ma haka.