An Yaye Ka, Sai Me?

Baffa Adamu Bolari:
Assalamu alaikum. Ga maudu'in wannan mako: mutum ya koyi sana'a, an yaye shi, yana cin abinci da ita. Akwai sauran koyo a kansa? Sharaɗi na nan yadda yake, a amsa da baiti, kuma wanda ya kawo magana ya kawo ta da awonta. Na buɗe da ƙwar biyu.

Da sunan Rabbu na ɗau alƙalami,
Shi ya ce mu roƙi sani ya ƙara.

Yaro ya shekara bakwai a gareji,
An yaye shi da sifana sha tara.

Ya san kafireta ciki da bai,
Ko cikin duhu zai kwance ya gyara.

Yau ga mota ta zo ba kafireta,
Sai wayoyi kamar hanyar gara.

Fitila ta kama gaban sitiyari,
Mai mota na tsaye yana harara.

To ku faɗa min, masu sana'a,
Ya koma ɗalibi ko ya haƙura?

Hamma Sale Tashan Dukku:

Baffa na gaishe ka, ga amsa,
Haƙura a nan ita ce ɓarna.

Ya duƙa ƙasan sitiyari ya duba,
Akwai soket, OBD ne suna.

Ramukansa goma sha shida ne,
Nan ake soka bakin sikana.

Tun 1996 dokar Amurka
Ta sa shi a mota, ya zauna.

A murɗa makulli, kar a tayar,
Lambobi su fito su nuna.

P0301 in ta bayyana,
Silinda ta ɗaya ba ta ƙona.

P0171 kuwa iska ce
Ta rinjayi mai, sai a auna.

Malam Ibrahim Jekadafari:

Hamma Sale rabi ka faɗa,
Rabin da ka bari shi ne aiki.

Sikana wurin ciwo take nunawa,
Ba ta faɗin cutar da baki.

Yaro ya ga P0301,
Ya sayo fulogi da koyil cikin ɗoki.

Ya ɗaura, fitila ta sake kamawa,
Mai mota ya biya, ya yi tsaki.

Ga dabara: cire koyil ɗin ta ɗaya,
Shi da na ta biyu su yi musayar ɗaki.

Goge lambar, ka tayar, ka zaga,
In ta koma P0302, ba mamaki,

Koyil ne ɓarawon. In ta tsaya a ɗaya,
Sai fulogi, nozul, ko matsin ciki.

Ita P0171, kafin ka zargi famfon mai,
Bi tiyon iska, ko ya tsage ya saki.

Ƙurar hunturu kan rufe sensar iska,
Feshinta daban, ba da fetur ake mata wanki.

Wannan musayar koyil minti goma ce, ko sisi ba a kashewa. Sikana dai sayenta ake yi. Sanin abin da za a gwada bayan ta yi magana, shi ne ba ya cikin kwalinta.

Adda Hauwa Herwagana:

Kun cika fage da baƙin mai, maza,
Ku matsa gefe, ga malaman makaranta.

Mai NCE ta daɗe tana riƙe da aji,
Ƙarin girma ya tsaya, ya ƙi matsa ta.

Ba sai ta ajiye aikin ba,
NOUN, jami'ar karatu daga gida, na da cibiya a Gombe, ta ziyarta.

Kiredit biyar har Turanci da Lissafi,
Da NCE ɗinta aji biyu za a sa ta.

Maki 30 na TMA ne, wato aikin gida,
Ana yin sa a waya ko kwamfuta.

Saba'in ɗin na jarrabawa,
Wannan kam sai ta je da ƙafarta.

Inda ake tuntuɓe tun ba a fara ba,
Rijista uku ce, sai ɗaya a manta.

Ta zango, ta kwas, ta jarrabawa,
Ba ta ƙarshen, ba kujera a gabanta.

TMA kuma ranar rufewa gare shi,
In ta wuce, talatin ɗin sun ɓata.

To yaya mai yara da girki da aji
Za ta samu sa'ar da za ta karanta?

Minti talatin bayan Asuba, kullum,
Ya fi daren jarrabawa ba a huta.

Ki rufe littafin, ki faɗo da ka,
Abin da ido kaɗai ya bi ake manta.

Gobe ki maimaita, sai bayan mako,
Sai bayan wata, haka ake bita.

Almajiri ma ba ya wanke allo,
Sai ya biya, malam ya tabbata.

Jajin Nana Asma'u da malfa
Sun bi ƙauyuka suna koyar da mata,

Ba su ce ke kin yi aure, kin tsufa,
Don haka karatu ya wuce ki, huta.

Kawu Garba Kumbiya-kumbiya:

Adda kin yi magana mai daɗi,
Amma ni ina da nawa dalili.

Je ki Babbar Kasuwa ki ƙirga,
Masu digiri a bakin shago tuli.

Tsoho na jin ciwon inji da kunne,
Bai taɓa riƙe biro ba balle kwali.

Me takarda za ta ƙara masa?
Ku ba ni amsa da misali.

Malam Ibrahim Jekadafari:
Kawu, da amonka zan amsa maka.

Kunnen tsoho gaskiya ne,
Wanda ya raina shi ba shi da hankali.

Amma kunne ƙarar ƙarfe yake ji,
Ba ya jin sensar da ta ba da sifili.

Kamfani in zai ɗauki makanike,
Hannu na waje, takarda ce makulli.

Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago
Mataki uku ne a jadawali.

Daga na uku ake hawa,
Sai na biyu, na ɗaya shi ne kamili.

Akwai tambaya, akwai aikin hannu,
A ba ka, ka yi shi a fili.

Yaron da ke son FCE ta fasaha,
NABTEB na iya zame masa wakili.

NABTEB, hukumar jarrabawar sana'a da kasuwanci, tun 1992 take, kuma ana karɓar sakamakonta kamar na WAEC da NECO, sai a haɗa da JAMB. Tsohon naka kuwa, Kawu, wanda ba zai koma benci ba, akwai tsarin NSQ na shaidar ƙwarewar sana'a, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE ke kula da shi, inda ake auna abin da mutum ya riga ya iya. Hujja suke nema: hoto ko bidiyon aiki, da rubutaccen tarihin abin da aka yi. Don haka duk mai yaro a gareji ya saya masa littafi mai ganye 60. Motar da aka karɓa, lambar da ta nuna, abin da aka gwada, abin da aka canza, ko ta dawo ko ba ta dawo ba. Layin ƙarshen nan shi ne wanda ba a son rubutawa, kuma shi ya fi koyarwa.

Injiniya Musa Nasarawo:
Kawu ya nemi misali. Ni ƙwar huɗu zan yi.

Kawu ga misali daga rufin gida,
Mai wayarin da ya ƙware tun da,
Sola ta zo, ya ce ai duk guda,
Waya ce ja da baƙa, ya haɗa gaba ɗaya.

Batir 200Ah mai bolt 12 ne,
Ka ninka, wat-awa 2,400 ne,
In mai ruwa ne, rabi kawai naka ne,
Ka saba zuƙe sauran, ya mutu a hanya.

Fanka biyu da talabijin, wat ɗari biyu,
Raba 1,200, awa shida za su yiwu,
Inbata na cin nata, biyar ka samu,
Kar ka ce wa mai gida za ta kwana, ka yi ƙarya.

Farantan sola uku, kowanne bolt arba'in da tara,
Ka jera su, 147 suka tara,
Kwantirola mai 150, ka ce da saura,
Sanyin hunturu ya ɗaga bolt, ta ƙone da safiya.

Batir ake fara ɗaura wa kwantirola,
Ta gane bolt ɗinsa, sannan farantin sola,
Wajen kwancewa a juya, a kula,
Faranti ya fara fita, batir ya biyo baya.

Mai ruwa, tataccen ruwan distil ake ƙara masa,
Na rijiya gishirinsa na cin ƙarafansa,
Litiyam kuwa saitin caji daban nasa,
Ka bar shi a na mai ruwa, ka yi asarar dukiya.

Duk wannan na bayan faranti a rubuce,
Voc na bolt da Isc na amp, 'yar takarda ce,
Wanda bai iya karanta ta ba, kar ya ce ya wuce
Ajin yaƙi da jahilci, ya je, ba a jin kunya.

Kan baiti na huɗu, don kar a ce na yi son rai: lambar Voc da ke jikin faranti, wato bolt ɗinsa in ba a jona shi da komai ba, a zafin digiri 25 aka auna ta. In sanyi ya sauka ƙasa da haka, tana hawa, kusan kashi uku cikin ɗari a digiri goma. Kashi uku a kan 147 ya haura 150. Shi ya sa aikin da aka haɗa a watan Afrilu yakan zauna lafiya lau har Disamba, sannan a ce kwantirolar ce jabu.

Kawu Garba Kumbiya-kumbiya:

Ta batir na ji, na karɓa,
Lissafi ne, ya shiga hankali.

Amma sikanar nan ta Sale fa?
Kar ku sa yaro ya sayar da fili.

Hamma Sale Tashan Dukku:

Kawu, kwantar da hankalinka,
Ba sai an jinginar da gona.

Akwai ƙarama, ELM327,
Da wayar hannu take magana.

Lambobin inji take iya gani,
Birkin ABS da jakar iska sai babbar sikana.

Ya fara da ita da 'yar mita,
Su biyun su zama idanuna.

Inji a kashe, batir bolt 12.6,
A tashe kusan 14 za ta nuna.

In ta tsaya a 12 inji na juyi,
Altaneta ce ko bel, a tuna.

Motar haibirid in ta shigo layi,
Ga gargaɗi ɗaya, a riƙe min magana:

Waya mai ruwan lemo kar ya taɓa,
Takan haura bolt 200, ba ta san gwani ba, tana ƙona.

Baffa Adamu Bolari:
Madalla. Sai dai hukunci ba ya barin kowa. Injiniya, baitinka na biyu da "ne, ne, ne" ka tsallake rafi, wannan ba amsa-amo ba ne, dabarar 'yan lissafi ce. Hamma Sale, "idanuna" ka ce alhali idanun yaron kake nufi, amo ya ja ka ka ƙwace masa ido, kuma ka maimaita "ƙona" da "magana". Tararku goro ɗari-ɗari, a kai wa Adda Hauwa ta raba. Malam Ibrahim, kai kuma ana bin ka bashin yadda ake auna matsin silinda, don ka ambace shi ka wuce. Ka zo da shi ranar Asabar, da lambobinsa.