Musayar Waƙa: Mai Farantin Ƙosai ta Aji Uku

Malamar aji uku, daga Katsina:

Assalamu alaikum. Na ɗauki "wa" a matsayin amsa-amo, kuma ina roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya bi shi, domin al'amarin da na kawo ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da sunan Allah Mai arziki nake buɗe baki,
Shi ne Mai ciyar da tsuntsu a tsakiyar dawa.

A ajina akwai yarinya mai shekara tara,
Kullum sai an gama kiran suna take isowa.

Tun asuba take zagaye da farantin ƙosai,
Sai ta sayar ta kai cinikin hannun uwa.

Ƙamshin mai yana jikin hijabinta, amma ita
Ko guda ɗaya ba ta da izinin taɓawa.

Kafin ƙarfe goma kanta ya kife a benci,
Abin da na kira lalaci, ashe sunansa yunwa.

Ƙa'ida ta ce wanda ya makara a ba shi bulala,
Ni kuwa hannuna ya ƙi yarda da ɗagawa.

Iyayena da yayyena a wannan aiki na alli,
Me malami zai yi in ba shi da abin bayarwa?

Tsohon hedimasta, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin baitocin, bari in ajiye lissafi ɗaya wanda ba zai shiga karin waƙa ba: rahoton UNICEF da Bankin Duniya na 2023 ya nuna cewa yara miliyan 333 ne ke cikin matsanancin talauci, wato suna rayuwa a ƙasa da dala 2.15 a rana, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 nasu suna Afirka kudu da Sahara.

'Yata, ɗalibarki ba ita kaɗai ba ce a duniya,
Daga Kwango har Indiya irinta suna da yawa.

Na kama alli a 1976, shekarar UPE,
Da aka ce firamare kyauta ce ga kowa.

A 2004 aka kafa doka, shekara tara ba biya,
Amma kuɗin yunifom da na PTA suna ta biyowa.

Wata rana na kori yaro saboda ba shi da riga,
Na ce kada ya dawo sai ya samu ta sakawa.

Na zaci uban zai ji kunya ya kai wa tela,
Ashe a gidan babu ko tiya ɗaya ta dawa.

Bayan shekaru na gan shi a tasha yana tura baro,
Ya sauke kaya, ya durƙusa ya miƙo gaisuwa.

Bai yi mini gori ba, kuma hakan ya fi mini ciwo,
Har yau in na tuna shi, tuwo ba ya haɗiyuwa.

Ki ajiye bulala, ki sa sunanta a rajista,
Wadda ta zo a makare ta fi wadda ba ta zuwa.

Malami, daga Maraɗi:

Baba, na durƙusa, amma ina da ja a zancenka,
Domin tausayi ba hatsi ba ne da ake dafawa.

A ƙauyen da na fara aiki, da rumbu ya yi ƙasa,
Sai ajin ya janye kamar tafki mai ƙafewa.

Samari su bi iyayensu cirani Kano ko Agadas,
'Yan mata su yini a bakin rijiya jiran ruwa.

Amma makarantar da ke da ɗakin abinci, ana ɗora tukunya,
Ba a aika kowa kiran yara, hayaƙi ke kirawa.

Kotun ƙolin Indiya ta ba da umarni a 2001
A dafa wa 'yan firamare abincin rana, ba fasawa.

Yau yara fiye da miliyan 100 ke miƙa kwanonsu,
Kuma ba aljihun malami ake girgizawa.

Birazil ta yi doka a 2009, kashi 30 na kuɗin abincin
Wurin ƙananan manoma za a kai shi don sayowa.

Ku a Najeriya kun soma a 2016 da naira 70 kowane yaro,
Yau naira 70 ko ƙwai ɗaya ba ta ɗaukowa.

Wannan nauyin hukuma ne, kada a ɗora wa malami
Wanda albashinsa kafin rabin wata yake ƙarewa.

Malamar aji uku, daga Katsina:

Baba, na gode. Yayana na Maraɗi, gaskiyarka ce,
Kuma in za a kai koke, da ni za a je kaiwa.

Sai dai kafin tukunyar hukuma ta kai ga tafasa,
Gobe da safe ni yarinyar za ta tarar tana shigowa.

Na je gidansu ranar Asabar, aka shimfiɗa tabarma,
Ban kai wa'azi ba, na je ne don saurarawa.

Uwar ta ce maigidan ya rasu ya bar yara biyar,
Kaskon suyar nan shi ne gonarsu, shi ne kasuwa.

Muka shirya yarinyar ta riƙa zuwa da farantin makaranta,
In an tashi tara mu malamai mu yi sayewa.

Cikin abin da na saya nakan mayar mata da uku,
In ce na ƙoshi, don kada kunya ta hana karɓuwa.

Na ja darasin karatu ya koma bayan tara,
Na raba ajin bisa abin da kowa ke iyawa.

Da Hausa muka soma, baƙi da wasali a allo,
Jiya ta haɗa "ka" da "za", ta juyo tana murmusawa.

Malami, daga Maraɗi:

Ƙanwata, Allah Ya saka, dabarar ta burge ni,
Zan gwada ta ga mai tallar ƙuli da ke ɓacewa.

Amma ki faɗa mini, yara nawa ne a rajistarki,
Kuma faranti nawa aljihunku ke iya ɗaukewa?

Malamar aji uku, daga Katsina:

Yaya, su 87 ne, rabinsu a ƙasa suke zama,
Kuma faranti ɗaya tak muke iya sayewa.

Akwai wani na gefen taga da ke tura kurar ruwa,
Yau kwana huɗu ke nan ina kira, ba a amsawa.