Gani ya kori ji: har a wajen tausayi?

Uwar Biyu: Jama'a, a warware min. Ana karanta wani labari a rediyo, aka zo inda kishiyar uwa ta hana marainiya tuwo. Wallahi sai na ga yarinyar ƙiri-ƙiri, tsugune bakin murhu, zanenta ya koɗe, tana kankare ƙanzo a tukunya. Har na yi hawaye. To wane gani ne zai kori wannan jin?

Malam Na-Kurmi: Hajiya, kin cire maganar daga muhallinta. Ta shaida ce. In dillali ya yaba miki rago, ki je ki taɓa shi da hannunki. Ba ruwanta da tausayi.

Ɗan Zazzau: Allah gafarta Malam, da ruwanta. Abin da Hajiya ta yi ai gani ne, da idon zuci, kuma ba kowa ke da shi ba. Tun 1880 Francis Galton a Ingila ya sa mutane su tuno teburin karin kumallonsu, wasu suka ce babu hoton da ke zo musu. A 2015 Adam Zeman na Jami'ar Exeter ya raɗa wa wannan hali suna afantasiya. A wani bincike da aka buga a 2021, masana a Sidni ta Ostireliya sun ba irin waɗannan mutane labaran ban tsoro suna auna gumin fatarsu: shiru kake ji. Da aka nuna musu hotunan ban tsoro, jikinsu ya amsa kamar na kowa. Ashe sai labari ya zama hoto yake kama jiki.

Malamar Aji Uku: Ɗan'uwa, ni ina cikinsu. Ko fuskar mahaifiyata ba na iya kawowa in na rufe ido. Amma labarin marainiyar nan ya tsaya min a rai, don na san kwana da yunwa a gidan da ba naka ba. Tsoro suka auna, ba tausayi ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da hoto ko babu.

Malam Na-Kurmi: Malama, Allah ya saka. Sai dai taki karin maganar ta bar mu maza a waje, alhali ni ma labarin ya taɓa ni, kuma ban taɓa zama maraya ba.

Uwar Biyu: To Malam, kai ganinta ka yi ko jinta?

Malam Na-Kurmi: Muryarta na ji, Hajiya, tana roƙon a rage mata. Fuska kam ban gani ba.