Ciwon daji a ƙofar hanci: shin ana warkewa da gashin na'ura?

Mariyama, Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana a kan lalurar mahaifinmu, wanda ya haura shekara sittin. Wani ƙurji ne ya fito masa a ƙofar hancin dama, daga ciki kaɗan inda yatsa ke iya kaiwa. Yakan yi ɓawo, ɓawon ya ɓare da jini, sannan ya sake yin wani. Da shafe-shafen magani ya ƙi ci, likitan hanci da maƙogwaro a nan Damagaram ya yanki ɗan nama aka kai awo, sakamako ya nuna ciwon daji ne. An ce mu shirya zuwa Yamai domin a yi masa gashi da na'ura, wato rediyoterapi. Shin ana warkewa daga irin wannan, kuma me ya sa ba za a yanke shi kawai a huta ba?

Dokta Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Mariyama, Allah ya ba Baba lafiya. Ban ga takardunsa ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Ƙofar hanci fata ce ke lulluɓe da ita, shi ya sa dajin da ke fitowa a wurin halinsa ya fi kusa da na dajin fata, kuma ya fi na can cikin kogon hanci sauƙin magani, domin ido yana ganinsa tun yana ƙarami.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda ciwon ya kai. Likitoci da yawa suna amfani da rabe-raben da wani likita mai suna Wang ya fitar a 1976: mataki na farko, ciwon bai wuce ƙofar hanci ba, na biyu, ya taɓa leɓen sama ko fatar hanci ko bangon da ya raba ƙofofin biyu, amma bai kama ƙashi ba, na uku, ya yi girma har ya ci ƙashi ko ya gangara dasashi da ganɗa. A matakai biyun farko, gashi kaɗai yakan kawar da ciwon daga wurin a wajen fiye da kashi 80 cikin 100 na marasa lafiya. A na uku kuwa sakamakon yana raguwa sosai, kuma galibi sai an haɗa tiyata da gashi. Haka nan idan kaluluwar ƙarƙashin haɓa ta kumbura saboda ciwon ya isa can, lamarin ya ƙara nauyi, don haka ku tambayi likita ko ya lalubi wuyan, ko an yi hoton sikana.

Tiyata ma tana warkarwa, ba a musu. Sai dai likitan fiɗa ba ƙurjin kaɗai yake cirewa ba, dole ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye, kuma a wuri ƙanƙane irin wannan hakan na iya cin gefen hanci ko wani ɓangare na leɓe. A ganina, idan ciwon ƙarami ne, gashin ya fi dacewa, domin yana barin mutum da fuskarsa, kuma ko da ciwon ya dawo, sau da yawa ana iya cim masa da tiyata daga baya.

Alhaji Lawali, Zango:
’Yata, ni ba likita ba ne, amma na yi jinyar yayana a Yamai, ko da yake nasa a maƙogwaro ne. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take yin gashin, kafin nan sai an fita waje. Ku yi shirin zama, ba na je-ka-ka-dawo ba, domin tafiyar ta kai kusan kilomita 900, kuma kullum ake yi, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai. Shi kansa gashin ’yan mintoci ne, ba ya zafi a lokacin; ana kwantar da mutum a sa masa wani abin rufe fuska da aka ƙera daidai kansa don kada ya motsa. Daga mako na uku ne fata take fara ja tana saɓulewa, a nan ne wasu suke karaya su ce za su koma gida. Ku nemi masauki da mai kula da abincinsa tun kafin ku tashi.

Dokta Sani:
Alhaji ya yi gaskiya, kuma katse gashin a tsakiya yana ba ragowar ciwon damar sake tohowa, saboda haka a daure a kammala. Akwai wata hanyar gashi daga ciki, inda ake dasa siraran bututu a cikin naman hancin a zura sinadarin iridiyom ta ciki, wadda sakamakonta ke da kyau a ƙananan ciwuka, amma ba kowace cibiya ke yin ta ba. Bayan an gama, bushewar hanci da ɓawo da haɓo jefi-jefi sukan daɗe, ruwan gishiri na wanke hanci yana taimakawa. Idan Baba yana shan taba ko shaƙa ta, ya bari tun yanzu. Yawancin ciwukan da suke dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko suke bayyana, don haka kada a yi wasa da ranakun komawa awo.

Mariyama, Birni:
Na gode ƙwarai, Dokta da Alhaji, Allah ya saka da alheri. Leɓensa lafiya lau yake, kuma likita ya ce bai ji kumburi a wuya ba. Gobe in sha Allahu zan koma da takardun in tambayi matakin da ciwon yake, da kuma ko za a yi sikana a nan ko sai mun isa Yamai.